Shekara da Kwana Ɗaya a Dutsen Hankaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya watsa bayinsa a kanta, ya ba wasu rana har suka gaji da ita, ya ba wasu ƙanƙara har suka manta kamannin gumi, kowa kuma yana ganin rabonsa shi ne daidai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni Nomau ɗan Jatau, marini jikan marina, mutumin Rimin Karofi, zan ba ku labarin zamana a ƙasar Almaniyawa, a hannun wani mai mulki da ake kira Garaf Burkatu.

Abin da ya fitar da ni daga gida ɗan ƙyalle ne wanda bai fi tafin hannu ba. Wani falke ya zo da shi marinarmu, shuɗi ne mai haske kamar sama bayan an ɗauke ruwa. Ya ce ba da baba aka rina shi ba, da wani ganye ne da ke tsiro a ƙasar da ruwa ke zama dutse. Tsofaffin marina suka yi masa dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na roƙi Inna izini wata uku kafin ta sa mini albarka, na bi ayarin gishiri.

Ba zan gajiyar da ku da labarin Sahara ba, kowa ya san yashi. Teku kuwa na yi ta amai a cikinta har na zaci hanjina zai riga ni isa gaɓa. Bayan teku muka iske duwatsu masu farin kai, inda jagora ya hana mu tari da atishawa, wai in dutsen ya ji motsi sai ya zubo da farin da ke kansa ya binne ayari. Tun hantsi atishawa ta kama ni, na riƙe ta da yatsu biyu har la'asar. Da muka sauka kwari na sake ta, alfadarai uku suka zubar da kaya.

Na isa ƙasar Burkatu a lokacin da sanyinsu ke ƙarewa, ƙanƙara tana narkewa. Ƙasar ƙarama ce, dawaki za su zagaye ta a kwana biyu. Ta gefe uku duwatsu ne da dajin kyarkeci, ta gefe na huɗu kogin Warna ne, mai faɗi da fushi, gada ɗaya tak a kansa. A bakin gadar na iske wani dogon mutum siriri, Lambatu, wakilin Garaf. Ya dube ni sama da ƙasa, ya zaro wuƙa ya yi tsaga a jikin wata sanda, ya yi mini murmushi. Na ce a raina, ka ga mutanen kirki, har shaidar maraba suke yi wa baƙo.

Garaf a wurinsu kamar hakimi ne, sai dai yana da ganuwarsa da mayaƙansa, kuma Babban Sarkinsu yana nesa ƙwarai. Gidan Burkatu yana kan wani tsauni da suke kira Dutsen Hankaka. Mutum ne gajere mai tumbi, jan gemu, dariyarsa tana riga shi shiga ɗaki. Ya gaji sarauta yana ɗan shekara goma sha huɗu, ranar da doki ya yar da ubansa, ya shekara talatin a kanta. Bai iya karatu ba, zobensa yake dangwala wa takarda. Kowace Talata yakan zauna ƙarƙashin wata babbar itaciya ya yi shari'a yana cin cinyar kaza, kuma sau da yawa shari'ar takan yi daidai. Manomansa suna yi masa aiki kwana uku a mako. Maniƙa tasa ce, tanderun gasa gurasa nasa ne, kifin kogi ma sai da izininsa. In yunwa ta zo yakan buɗe rumbunsa kowa ya ɗiba. Yana son mutanensa yadda Bafulatani ke son shanunsa: ba zai bar su da yunwa ba, ba kuma zai tambaye su ina suke son kiwo ba.

Marinarsu tana can ƙarshen gari inda iska ba ta komowa, saboda wari. Nan na haɗu da wani tsoho mai suna Kunsu. Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa. Na ɗaga hannuwana, ya ɗaga nasa, duka huɗun shuɗi ne har gwiwar hannu. Muka fashe da dariya. Tun ranar nake ce masa Baba, a ɗakinsa na sauka, a bakinsa na koyi harshensu.

Ganyen nasu waidi suke kiransa. Sukan niƙa shi, su dunƙule kamar dawo, su shanya, su farfasa, su jiƙa ya ruɓe. Na koyi wannan duka cikin wata biyu. Amma sai na ga suna tsoma zane sau ɗaya ko biyu a tukunya su ce ya rinu. Hannuna ya yi mini ƙaiƙayi. Na haƙa rijiyar rini irin ta gida, na haɗa da toka, na tsoma wani ulu sau goma sha biyu ina shanyawa, sa'an nan na sassaƙa mabugi muka yi ta bugunsa ni da Baba Kunsu har ya yi baƙi-baƙi yana walƙiya kamar bayan tsattsewa.

Aka kai wa Garaf. Ya sa aka ɗinka masa riga, ya hau doki ya tafi bakin gada ya yini yana kai da kawo, don kawai maƙwabcinsa Garaf Aribo ya hango shi daga ƙetare. Shekara ashirin ke nan suna gaba a kan wani rafi da ke gangarowa ta cikin duwatsu daga ƙasar Aribo. Da ya dawo ya sa aka kira ni.

Ya ce, “Shuɗi,” don haka ya laƙaba mini, “Aribo ya leƙo sau huɗu. Na ƙirga. Me kake so in ba ka?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, a daina sa mini naman alade a miya ya isa.”

Ya yi dariya har ya ƙware. Daga ranar kifi ake kawo mini, ya kuma ba ni wani lungu a saman ganuwa inda nake salla ba mai damuna. Azumi ya same ni a tsakiyar zafinsu, lokacin da ranarsu ke ƙin faɗuwa. Garaf ya ga ina kallon sama kamar mai jiran baƙo, ya ce in ina so zai sa a rufe tagogi a ce dare ya yi. Na gode masa, na ce Wanda nake yi dominsa yana ganin bayan taga.

Ana nan har ganye ya fara zuba. Ran nan muna juya rini, na ce wa Baba Kunsu na sami abin da na zo nema, in sanyi ya wuce zan kama hanyar gida. Tsohon ya ajiye muciya.

Ya ce, “Ɗana, ka tuna tsagar da Lambatu ya yi ranar da ka iso?”

Na ce na tuna.

“Ni ma an yi mini irinta, a zamanin uban Garaf na yanzu. Daga ƙasar kudu na zo, mako biyu na yi niyyar yi. Dokarmu ce, baƙon da ya cika shekara da kwana ɗaya a ƙasar Garaf ya zama nasa. Ranar ƙarshe, da an buga ƙararrawar faɗuwar rana, wakili zai ɗora hannu a kafaɗarka ya ce, na kama ka. Shi ke nan. Kai da abin da za ka haifa, ba mai ƙetare gada sai da izini.”

Na ce, “Baba, sai yanzu kake gaya mini?”

Ya sunkuyar da kai. “Na daɗe ban sami abokin hira ba. Ka yafe mini.”

Washegari na hau Dutsen Hankaka, na durƙusa na nemi sallama. Garaf yana yanke ƙumba da wuƙar cin nama.

Ya ce, “Sallama? Ai kai ɗa ne, ba bawa ba, Shuɗi. Doka ta hana a ɗaure baƙo, ni kuma mai bin doka ne. Tafi duk lokacin da ka ga dama.”

“To a ba ni shaidar ƙetare gada, ranka ya daɗe.”

“Af, gada. Gadar nan tana bukatar gyara. Ba zan so ka faɗa ruwa ba.”

“Jiya na ga shanu takwas sun bi ta kanta.”

“Shanu ba su iya rini ba,” in ji shi, ya ci gaba da yanke ƙumbarsa.

Na fahimci ba da baki zan fita ba. Dabarata ta farko, na shiga cikin gangar waidi da za a kai kasuwar ƙetare, Baba Kunsu ya rufe ni. Ban san Lambatu yana da al'adar zama a kan kowace ganga ya ci abincinsa kafin ya bar ta ta wuce ba. Warin ruɓaɓɓen ganye ya cika mini ƙirji, na daure, na daure, na yi tari. Lambatu ya ƙwanƙwasa murfin ya ce, “Waidin bana har gaisuwa yake yi.” Aka mirgino ni har gaban Garaf. Bai yi fushi ba. Ya sa aka yi mini wanka da ruwan zafi, ya ba ni bargo, ya ba baƙinsa labarin sau uku a zama ɗaya.

Ta biyu kuwa, da sanyi ya kai matuƙa kogin Warna ya daskare ya zama dutse, kamar yadda falken nan ya faɗa. Na ga mutane suna tafiya a kansa da ƙashin dabba ɗaure a ƙafa. Na yi bisimilla na taka. Ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta ce ita yamma za ta. Na faɗi zaune, iska ta kama bargona ta yi ta tura ni, ina ta juyi kamar mazari, har ta kai ni gaɓa. Na miƙe ina hamdala, na ɗaga kai, sai ga Lambatu yana miƙo mini hannu. Gaɓar da na baro ce.

Daga nan na bar dabara na koma addu'a. Ƙanƙara ta fara narkewa, kwanakina suna narkewa tare da ita. Saura wata guda, saura mako uku.

To, mutanen nan suna da wata doka mai ban mamaki. Yaƙi a wurinsu yana da ranaku. Daga faɗuwar ranar Laraba har wayewar Litinin ba a zare takobi, ba a taɓa kayan abokin gaba, ko da ka same shi yana barci a ƙofar gidanka. Wanda ya karya wannan ya taɓa Babban Sarki. A cikin kwanakin nan Aribo ya datse rafin da duwatsu, marinarmu ta bushe. Ranar Laraba bayan azahar Burkatu ya kwashi mutanensa suka haye ƙasar Aribo suka hau rushe datsiyar. Suna cikin aiki, saura dutse ɗaya babba a tsakiya, sai ƙararrawar faɗuwar rana ta kaɗa. Kowa ya saki abin da ke hannunsa. Garaf ya dubi dutsen, dutsen ya dube shi.

Ya ce, “Ƙarar ba ta gama mutuwa ba tukuna.” Ya sa kafaɗa ya ture shi.

Ruwa ya ɓalle, ya tafi da maniƙar Aribo, da agwaginsa ɗari, da wankin matarsa. Mutum hamsin suka gani.

Bayan mako biyu manzon Babban Sarki ya iso, wani tsamurarren dattijo da ba ya dariya. Ya tara jama'a ƙarƙashin itaciyar shari'a, ya karanta hukunci. Mai sarautar da ya karya kwanakin salama zai ɗauki kare, ba takalmi, daga ƙofar gidansa har ƙarshen ƙasarsa, wato ƙetaren gada, kowa yana kallo. In ƙafar karen ta taɓa ƙasa a hanya, a koma gida a sake daga farko washegari. Kuma mutum ɗaya daga masu cin gurasarsa zai bi shi ɗauke da ƙafar garma, wani gewayayyen katako mai nauyi da garmarsu ta shanu ke gungurawa a kai. Za a yi jibi.

Baba Kunsu ya matse mini hannu. Ya raɗa mini, “Gobe shekararka ke cika. Jibi shi ne kwana ɗayan.”

Manzo ya ce wa zai ɗauki ƙafar garma. Ba wanda ya fito. A wurinsu abin kunya ne da ake yi wa jikoki gori da shi. Manoman da Garaf ya ciyar a shekarar yunwa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na ga jan fuskar Garaf ya koma fari.

Na ce, “Ni zan ɗauka.”

Lambatu ya buɗe baki zai yi magana, Garaf ya daka masa harara. Ya taso ya rungume ni har haƙarƙarina ya yi ƙara, ya ce, “Ku duba, baƙo ya fi ɗan gida.” Kunya ta kama ni.

Aribo aka ba zaɓin kare, shi kuwa bai yi rowa ba. Ranar da hantsi aka kawo wani tsohon karen farauta mai girman maraƙi, kunnuwa kamar faifai, yawu yana zuba. Garaf ya tuɓe takalmi, ya rungume shi, muka kama gangara. Manzo yana gaba a kan alfadari, ni ina baya da ƙafar garma a ka, Baba Kunsu da Lambatu suna biye. Hanya ta cika da mutane, har daga ƙasar Aribo an zo kallo. Wasu suna haushi, wasu suna tambayar Garaf sunan jaririn.

Zuwa azahar ya zauna a kan kututture sau biyar, karen a cinyarsa. A zama na shida na samu na yi salla. Da muka tashi na ga karen yana zamewa kaɗan-kaɗan, ƙafarsa ta baya saura taki ɗaya ta taɓa ƙasa. In ta taɓa, sai gobe, gobe kuwa ni dukiya ne.

Garaf ya ce cikin haki, “Shuɗi, hannuna ya mutu.”

Ni da ko inuwar kare ba na so ta taɓa mini riga, na yar da ƙafar garma na tallabi gindinsa. Na dubi manzo na ce, “Allah ya ba ka nasara, in an ɗaura masa shi fa?”

Ya ce, “Ni ƙafar kare nake kallo.”

Na warware rawanina, kamu goma sha biyu, rinin hannuna. Na ce, “Ranka ya daɗe, sunkuya.”

“In yi me?”

“Sunkuya kamar mai neman allura. Haka matan garinmu ke yi, su yini suna daka da yaro a baya.”

“Ni Garaf ne, jikan Garaf.”

“To jikan Garaf zai sake wannan tafiya gobe.”

Ya sunkuya. Ni da Baba Kunsu muka juya karen muka ɗora masa a gadon baya, ƙafa biyu ta nan, biyu ta can. Na yafa rawanin, na zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata na soke a ƙirji, na ɗaure na ƙasan a kan tumbi, na ja sosai.

Na ce, “Miƙe. Yanzu ɗan girgiza shi.”

Ya girgiza. Na mayar da ƙafar garma a kaina. Karen ya ɗora haɓa a kafaɗarsa, ya yi hamma, kafin mu yi taku ɗari ya fara minshari. Garaf ya dubi hannuwansa biyu a sake, ya ce, “Kai, matan garinku sun fi manzon Sarki hankali.” Manzo ya yi kamar bai ji ba.

Dariyar mutane ta ƙaru da farko. Can sai na lura matan da ke bakin hanya sun daina dariya, suna matsowa suna leƙen ƙullin. Su a hannu suke riƙon 'ya'yansu ko a kwando. Wata mai jariri ta biyo mu tana tambaya ta ina aka fara zagayowa. Garaf da kansa ya tsaya ya nuna mata, yana cewa, “A'a, ta ƙarƙashin hammata, ke ba ki gani ba ne?”

Rana tana kan itatuwa muka hau gada. Can ƙetare ga Aribo a kan kujera da mutanensa, ga dutsen iyaka, ga wata ƙaramar majami'a, mai buga ƙararrawa yana tsaye riƙe da igiya yana kallon yamma. Saura taku goma, Lambatu ya matso ya yi wa Garaf raɗa, ya nuna masa sandar nan mai tsaga. Garaf ya tsaya cak. Ya juyo a hankali saboda goyonsa, ya ɗora hannu a kan ƙullin ƙirjinsa.

Ya ce, “Shuɗi, yau kwananka nawa a ƙasata?”

“Shekara da kwana ɗaya, ranka ya daɗe, in an buga waccan.”

“Tun shekaranjiya nake jin daɗi a raina, na ce ga mutum ɗaya da ya ɗauki kunya saboda ni. Ashe gada kake so.”

Na ce, “Akwai saboda kai a ciki. Amma ba shi ya fi yawa ba.”

Garaf ya matse ƙullin. Karen ya ja minshari.

“In na ja bakin rawanin nan, kare ya sauka, sai gobe. Kai kuma ka zama nawa.”

“Haka ne. Ƙullin yana hannunka.”

“Me ka rasa a wurina? Kifi? Bargo?”

“Ban rasa komai ba, Allah ya saka maka. Amma ina da tsohuwa a gida, ita aro ta ba da ni, ba kyauta ta bayar da ni ba.”

Ya ja tsaki. “To wa zai yi mini rini? In koma sa shuɗin Aribo, mai kama da ruwan wanki?”

Na ce, “Ga Baba Kunsu.”

Ya dubi tsohon. “Kai ka iya?”

Baba Kunsu ya cire hula ya ce, “Tun bazara, ranka ya daɗe. Rigar da ka sa ranar bikin girbi ni na rina ta.”

“Me ya hana ka faɗa?”

“Ba ka tambaya ba. Shekara talatin kana mulki, ba ka taɓa tambayata komai ba. Ko sunan garinmu.”

Garaf ya tsaya yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Lambatu ya ce, “Ranka ya daɗe, rana.” Mai ƙararrawa ya tofa yawu a tafinsa ya gyara riƙon igiya. Ni dai ina ta karanta abin da ya zo bakina, ƙafar garma tana neman nutsar da wuyana.

Garaf ya ce, “Menene sunan garin naku?”

Baba Kunsu ya faɗa masa.

Daga ƙetare Aribo ya ɗaga murya ya ce, “Burkatu, in jaririn ya yi nauyi ka sauke, gobe ma ina nan, zan zo da matata.”

Garaf ya saki ƙullin. Ya ce, “Wannan ba zai kalle ni kwana biyu ba. Shuɗi, wuce gaba, kuma ka yi sauri kafin in tuna ni wanene.”

Ban san ƙafafuna suna da sauran ƙarfi ba sai lokacin. Na wuce dutsen iyaka, Garaf yana bayana yana haki, ƙararrawa ta kaɗa. Lambatu ya biyo mu da gudu, hannunsa a miƙe, ya tsaya a ƙarshen katakon gada, tsakanin yatsunsa da kafaɗata bai fi kamu ɗaya ba. Manzo ya ce hukunci ya cika.

Muka kwance goyon. Karen ya farka bai so sauka ba. Garaf ya ɗauke shi ya juya ya ga Lambatu har yanzu hannu a miƙe.

Ya ce, “Tun safe hannunka ke neman abin kamawa. Ungo.” Ya danƙa masa karen. “Ka kai mini shi gida, Aribo ya yi asarar kare. Kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa.”

Aribo ya tashi zai yi gardama, manzo ya ce shi aikinsa ya ƙare, ya juya alfadarinsa.

Na rungumi Baba Kunsu. Ya cusa mini ƙullin irin waidi a aljihu. Garaf ya naɗe rawanina ya rataya a wuya, ya ce ba zai mayar ba. Na ce ko ya mayar ba zan naɗa ba. Ya yi dariyar nan tasa, ya dafa kafaɗar tsohon, suka juya suka hau gada, yana ɗingishi yana tambayarsa ko garin nasu akwai kogi.

Ni kuwa na gangara bakin ruwa ta wannan gefen, na wanke hannuna har sau bakwai saboda karen, ko da yake malaminmu ya ce ba dole ba ne. Na yi alwala da ruwan da ya kusa tsinke mini yatsu, na fuskanci alƙibla ba rawani a kaina, na ta da magariba.

Nan labarin Dutsen Hankaka ya tsaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na ƙara gishiri kuwa Ya yafe wa marini.